Ranar da Na Sa Aka Ɗauke Kujerar Maigari

Ba zan taɓa mantawa ba da hantsin da na zaunar da Maigari a ƙasa, a wani ƙauye na yankin Bazaga wanda ba zan ambaci sunansa ba, domin har yanzu akwai masu gane ni a can.

A farkon shigowar dimokuraɗiyya ne, ina sabon dawowa daga jami'a da digiri a ilimin halayyar ɗan Adam, ɓangaren da ya shafi al'umma. Abin da na fi riƙewa daga karatun shi ne cewa iko ba a fada kaɗai yake ba: yana tsakanin na sama da na ƙasa, da mai magana da mai shiru, kuma adalci ba ya samuwa sai an ba marasa murya dama. (Har gobe ina ganin maganar gaskiya ce. Wanda ya ɗauko ta ne ke da matsala.) Wani furoje, wato shirin raya karkara mai haƙa rijiyoyi, ya ɗauke ni aiki a Birnin Konni, aka tura ni in ji ra'ayin mutanen ƙauyen kan inda za a haƙa tasu.

Da motar furoje ta sauke ni, na tarar an taru ƙarƙashin tsamiya. Maigari, dattijo mai jiki, yana bisa wata doguwar kujera mai hannuwa. Magidanta na kan tabarmi, mata can baya jikin darni, Fulani na tsaye daga gefe da sandunansu. Zuciyata ta yi fari. Ga babi na uku na kundina a zahiri, ba a rage komai ba.

Bayan gaisuwa na roƙi a ɗauke kujerar, kowa ya zauna ƙasa, a yi da'ira.

Maigari ya dube ni, ya kira ni da laƙabin da ake yi wa ɗan boko a can daga Faransanci, ya ce, "Mushe, kujerar ga ta yi maka wani laihi?"

Na yi masa bayani cikin ladabi (na fi minti goma, ko da yake ban duba agogo ba, saboda haka kada a riƙe ni a kan adadin) cewa tsawon kujera yana danne harshen talaka. Babban ɗansa Illa ya matso ya ce, "Mushe, tsoho hwa ba ya..." Na katse shi da murmushi. An koya mana cewa masu cin moriyar tsari su ne farkon masu kare shi.

Maigari ya kalli motar, ya kalli matan da ke ɗebo ruwa daga nesa tun kafin a haife ni, ya ce, "A ɗauke ta." Ƴaƴansa biyu suka riƙe shi suka sauke shi a hankali. Na ɗauka ƙasaita ce, har na yi niyyar ambata ta a rahoto.

Da'irar ta ba da mamaki. Magidanta suka sauka daga tabarma suka zauna kan rairayi, tunda ba mai haɗa shimfiɗa da Maigari. Wata tsohuwa da na ja gaba, ashe kusa da surukinta na ajiye ta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta sake motsi ba. Fulani suka tsuguna suna kallona kamar mai tallar magani a kasuwa. A duk filin mutum guda ne tsaye, da takalmi a ƙafarsa, yana nuna dattawa da biro yana cewa, "Kai, yi magana. Ke, kada ki ji tsoro." Ni ne.

Wanda ya yi magana shi ne Alhaji Shaibu, ɗan baffan Maigari, wanda ya nemi sarautar a baya bai samu ba. (Wannan ma daga baya na sani. Yawancin abin da na sani game da ƙauyen, daga baya na san shi.) Ya ce, "Allah shi yi ma Mushe albarka! Wanga shi ne zamani. Yau kowa ya ga kowa." Na ji daɗi ƙwarai: ga marar murya ya sami murya.

Aka kira azahar. Ba wanda zai miƙe kafin Maigari, sai kowa ya zuba masa ido. Ya dafa ƙasa ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa, rawaninsa ya zame ya rufe masa ido guda. Ashe shekaru ke nan gwiwoyinsa sun mutu. Daga kujerar nan yakan dafa hannuwanta ya miƙe kamar kowa, ko salla ma a zaune yake yi cikin zaure, kuma in ban da iyalinsa da liman ba wanda ya san iyakar abin. Mata suka kau da kai. Alhaji Shaibu ya ɗaga murya don na bayan darni su ji: "Ku taimaki tsoho mana, jama'a! Gari ya yi mishi nauyi."

Illa ya zabura, Maigari ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "A'a. Mushe, kai ka aje ni, zo ka ɗauke ni."

Na kama hannunsa na ja. A lokacin nauyina bai fi na buhun gero ba, kuma ba cikakke ba. Na faɗi zaune, Fulani suka fashe da dariya. Ya ce in durƙusa gabansa. Na durƙusa. Ya dafa kafaɗata da hannu ɗaya, ɗayan ya ɗora bisa ƙeyata, ya danna har goshina ya kusa taɓa rairayi, sannan ya miƙe. Yana gyara rawani ya ce, "Madalla. Kujerata ta hi ka ƙwari, amma ka yi ƙoƙari."

Da ma a nan ta tsaya. Kafin kasuwa ta zagayo, Alhaji Shaibu ya kai ƙara wurin Sarki cewa Maigari ya gaza, har gwamnati ta aiko an sauke shi a bainar jama'a. Aka kira ni shaida.

Sarki ya ce, "Ya iya tashi shi kaɗai?"

Na kwana ina neman amsar da ba ƙarya ba ce kuma ba za ta tuɓe dattijo ba, ban samu ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, bai iya ba. Sai dai ya kamata a lura da yanayin..."

"Wa ya zaunar da shi ƙasa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Gwamnati ta aike ka?"

"A'a. Nazari ne."

"Nazari." Ya gyara zama a kan tasa kujerar, wadda ta fi waccan tsawo nesa ba kusa ba. "To, ni ma in sauko, ko ka yi mini afuwa?"

Fada ta ɗauki dariya, har dogarai. Sarki ya sallami Alhaji Shaibu da cewa in ana tuɓe mutum don gwiwa, da shi kansa ya daɗe a gida. Maigari ya tsira da rawaninsa. Asirin da ya riƙe shekara da shekaru kuwa ya riga ya fita, kuma daga ranar Illa ke wakiltarsa a yawancin taruka. Rijiyar, wani abokin aikina aka tura ya ƙarasa zancenta. Ni aka ba ni tebur a buro, wato ofis.

Har yanzu ina koya wa ɗalibai cewa a kowane taro su nemi inda iko yake. Sai dai na ƙara sharaɗi guda wanda ba ya cikin kundina: kafin su fara duba kujerun mutane, su duba wanda ya zo da mota, yana riƙe da ruwan gari a aljihunsa, wanda ko dattijo mai ciwo ba ya iya ce masa a'a.