Ciko a Ƙarƙashin Fenti

"Lafiya lau, amarya. Ya ƙarfin jiki? An ce kin faɗi, na ce Allah ya sa ba ki karye ba."

"Tsoho, jarrabawa na faɗi, ba daga bene na faɗo ba. Ina kwana na ce maka, ka amsa kamar mutanen kirki."

"Ai na amsa. Wadda ta faɗi sannu ake mata."

Tsohon yana zaune ne a bakin gareji kan kujerar roba, rediyo a cinya, tabarau a goshi. Jikar tasa ta yi dariya, amma zancen ya sosa mata inda ke mata ciwo. A ofishin inshora take aiki, kuma abin da take nema shi ne takardar shaidar masu duba motar da ta yi haɗari, su faɗi abin da ya lalace, su yi kiyasin gyara. Jarrabawar rubutu kam, ta haye ta kamar wasa. A ta aikin hannu ne aka yi mata tsiya. An tsayar da ita gaban wata mota da ta bugu, wani dattijo mai furfura daga cikin masu jarrabawar ya fito a matsayin mai motar, ya dage cewa lotsewar ƙofar baya ma a wannan haɗarin aka same ta. Ga tsatsa nan ƙarara a cikin lotsewar, tsatsar da ta daɗe. Ta gani sarai. Amma ina za ta dubi sa'an kakanta ta ce masa ba haka ba ne? Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Baba," ta saka ƙofar cikin kiyasi. Wannan "to, Baba" ɗin ce ta kayar da ita, kuma har yau in ta tuna sai ta ji kamar ta mari kanta. Yanzu an ba ta dama ta biyu, an kuma gaya mata a fili cewa in ta sake faɗuwa, ofishin zai tura wani a madadinta.

"Aiki na kawo maka," ta ce. "Tsoho nake nema wanda zan dubi tsabar idonsa in ce masa ƙarya yake yi. Na duba dangi kaf, kai kaɗai ka cancanta."

"Kun ji mara kunya! Da sassafe?"

"Kunyar ce ta kayar da ni, angona. Na zo ka taya ni zubar da ita."

"Ashe kina da ita? A ina kike ɓoyewa? Ni dai tun da aka haife ki ban taɓa cin karo da ita ba."

"Tashi ka buɗe min akwalar nan taka. Kai ne mai mota, ni ce jami'ar inshora. Ka shara duk ƙaryar da ka ga dama, ka san dai ba sai an koya maka ba."

"Akwala? Motar da ta girmi ubanki a mutunci?"

Ya tashi yana mita, amma kowa ya gan shi ya san abin ya yi masa daɗi. Ya yaye tampol a hankali kamar mai buɗe jariri. Tsohuwar mota ce ruwan toka, ba ya fita da ita yanzu sai dai ya tayar da injin ya ɗumama, amma ko ƙura ba ya bari ta kwana a kanta. Ya gyara murya, ya saukar da tabarau kan hanci, ya zama wani mutum daban.

"Jami'a, kin ga karcen nan na baya? Jiya jirgin sama ya sauko ya goge ni."

"Ƙarya kake, Baba. Hannun keke ne, kuma fentin keken ma yana nan."

"To tayoyin nan da suka suɗe, firgitar haɗarin ce ta zubar musu da zane."

"Tsufa ne, irin wanda ya suɗe maka kai."

"Allah ya shirye ki. Fitilar nan fa? A haɗarin ta dushe."

"Sa'ar idonka ce, tare kuka dushe. Ba za a biya ba."

"Kai, wannan yarinya! A ba ni manajanku!"

"Ya fita. Sai dai ka yi haƙuri da ni."

Ya yi dariya har da tari. Ita ma ta ji ƙirjinta ya yi sakayau, don ashe kalmar "ƙarya" ba ta da nauyin da ta ɗauka. Ya dafa bonet yana mayar da numfashi, ya ce, "To wasa a gefe, amarya. Wannan motar da kike gani, tun da na saye ta ba ta taɓa bugun komai ba, ba a taɓa bugun ta ba. Fentin kamfani ne a jikinta daga gaba har baya. Kin zo wurin da babu abin koyo."

"Za mu gani."

Ta ciro ɗan maganaɗisu daga jaka, irin wanda aka koya musu gwada jikin mota da shi. Ƙarfe yana kama shi, amma in masu gyaran jiki sun taɓa cike wuri da cikon nan da suke kwaɓawa su shafe lotsewa kafin fenti, ba ya kamawa. Ta manna a ƙofa, ya kama. Ta manna a but, ya kama. Tsohon yana bin ta a baya yana cewa, "Ci gaba, likita, auna ta da kyau." Da ta zo saman tayar gaba, gefen direba, sai maganaɗisun ya sulale ya faɗi ƙasa.

Ta ɗauka ta sake mannawa. Ya sake faɗuwa. Ta ƙwanƙwasa wurin da ɗan yatsa, ta ji sautin a toshe, ba irin na sauran jikin ba. Ta ja da baya ta duba ta inda hasken rana ya shigo, ta ga launin ya ɗan fi na ƙofa duhu, abin da ba mai lura sai wanda ya zo nema.

"Hannunki ne ke da santsi," in ji tsohon. "Na gaya miki, fentin kamfani ne."

Ta ɗago ta dube shi. Wannan karon ba wasa yake ba, babu ko alamar tsokana a fuskarsa, iyakar gaskiyarsa yake faɗa. Nan take ta ji abin nan ya dawo mata, kanta ya fara sunkuyawa da kansa, "to" ɗin ta riga ta hau kan harshe. Ta haɗiye ta da ƙyar.

"Kaka," ta ce, ba ta ce tsoho ba, "ba haka ba ne. An taɓa buga motar nan a nan. Bugu mai ƙarfi, kuma ya daɗe. An buɗe wurin, an yi ciko, an sake fenti."

"Ƙarya kike."

"Ba ƙarya nake ba. Ga shi, gwada da hannunka."

Ya karɓa ya manna, ya faɗi. Ya tsaya yana kallon wurin, rediyo na ta surutunsa shi kaɗai a kan kujera. Sai ya juya ya dubi ginshiƙin ƙofar gida, ya sake duban motar.

"Ita ce," ya ce a hankali. "Kakarki ce, Allah ya jiƙanta."

"Ita kuma? Ai ba ta iya tuƙi ba."

"Shi ne ai. Shekara da shekaru tana roƙona in koya mata, ina ce mata sai an kwana biyu. Akwai wata doguwar tafiya da na yi wurin aiki, na bar motar a gida. Na dawo na tarar an wanke ta tana ƙyalli, an yi wa ginshiƙin can sabon shafen siminti. Na shiga zan tayar, gwiwata ta bugi sitiyari, an matso da kujera gaba. Na tambaya, ta ce yara ne suka yi wasa a ciki." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Daga ranar ba ta ƙara ce min in koya mata ba. Ni kuwa har daɗi na ji, na ce ta haƙura."

Jikar ta rasa inda za ta sa kanta. Ta zo koyon faɗar gaskiya, ga shi ta faɗa, amma wallahi a lokacin ta gwammace a ce maganaɗisun nan a gida ta manta shi.

"Ka yi haƙuri, Kaka. Da na sani…"

"Da kin sani me? Ki ce min 'to, Baba' ki sake faɗuwa?" Ya girgiza kai. "Ba bugun ne ya dame ni ba. Duk zaman da muka yi, ta kasa gaya min. Ashe tsorona take ji haka? Ni kuma kullum ina zaune a gabanta ina cika baki, fentin kamfani, fentin kamfani, tana ce min haka ne, maigida."

Sai kuma dariya ta ƙwace masa, idanunsa cike da ruwa.

"Kai, tsohuwar nan ta iya shege! Kin ci, amarya. Ita ta kayar da ni tuntuni ban sani ba, ke kuma kin zo kin karanta min sakamako. Wancan mai furfurar, in ya sake yi miki ƙarya, ki dube shi yadda kika dube ni."

"In na iya da kai, wa ya rage?"

"Rufe min baki. Ke, jami'ar mota, kin ma iya tuƙi kuwa?"

"Wa ya koya min? Babana ma cewa yake sai an kwana biyu."

"Ɗan gado!" Ya laluba aljihu ya ciro makulli, ya danƙa mata a tafin hannu, ya zagaya ya buɗe mata ƙofar direba da kansa. "Shiga, yau za a fara. Matso da kujerar, ke ma guntuwa ce irinta. Amma ki ji ni da kyau, in kika bugi ginshiƙin can, ki zo ki faɗa min da bakinki. Kada ki kira min mai ciko."