Ranar Da Ciyaman Ya Kwanta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ragona ya kwanta a gaban mutanen Gwaram ya bar ni a tsaye ba. Na so in manta, amma a garinmu ba a barin mutum ya manta da irin wannan. Ko jana'iza ka je, sai wani ya raɗa maka.

Ni kiwon turke nake yi. In sayi ramammen rago a kara, in ɗaure shi, in ɗura masa dusa da kowar wake da harawa, in bi shi da ruwan kanwa har ya kasa juya wuya, gab da Babbar Sallah in kai shi Kano. Ba abin da na so in zama ba ke nan. Na yi sakandare a Birnin Kudu har aji uku, mahaifina ya rasu, aka ce in dawo Dingaya in riƙe gona. Waɗanda nake raɗa wa amsa a aji su ne yau ake buɗe wa ƙofar mota. (Ba hassada nake yi ba. Labari nake ba ku.)

Ɗaya daga cikinsu shi ne Sabo, wanda benci ɗaya muka zauna, ko raba dogon lissafi bai iya ba sai na nuna masa. Yanzu Dokta Sabo ne, yana koyarwa a wata jami'a, aikinsa binciken abin da ke sa dabba ko mutum ya haihu ko ya kasa.

A shekarar da abin ya faru ina da wani farin balami da na sa wa suna Ciyaman, saboda ci yake ba ya aiki. Da Sallah ta zo na ƙi sayar da shi. Na ce irin wannan ba a yankawa, iri ake ɗauka. Na haɗa shi garke ɗaya da tunkiyar matata Hajara tun farkon damina. Damina ta wuce, aka yi kaka, aka sussuke gero, tunkiya shiru. Na yanke hukunci na ce juya ce, mahauta suka dace da ita.

Kalmar nan ba baƙuwa ba ce a gidana. 'Yarmu ɗaya, Sadiya, an haife ta tun ina acaɓa, ina siriri kamar sillen kara. Daga ita shiru, ga shi har ta zama budurwa. Ni kuwa tun da na shiga harkar dabbobi na saba da bakin tukuba, tsire mai kitse da romon ganda, na ajiye tumbin da sai na leƙa nake ganin takalmina. A wurinmu tumbi shaida ce ta cewa mutum ya samu, don haka ba wanda ya taɓa tunanin a tambaye ni komai. Hajara ce ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, ta sha hayaƙi, ta sha habaici daga 'yan uwana mata. Ni ma na jefa mata kalmar da bakina, ba sau ɗaya ba. Ba mai yawan magana ba ce. Sai ta ce, "Allah ne Mai bayarwa, Malam," ta ci gaba da tankaɗe.

Ana haka aka yi shela cewa ran kasuwar Gwaram wani mai bincike zai zo harabar asibitin dabbobi, masu kiwo su kawo raguna a auna a ɗebi jini, mata masu kiwo su ma su zo su ji. Da na ji sunan Sabo na ce tafiya ɗaya ta ishe ni: in nuna masa Ciyaman ya ga abin da ɗan aji uku ya iya, in kuma miƙa wa mahauta tunkiyar. Hajara ta ce tunkiyarta ce, da ƙuli-ƙulinta ta saya, in dai za a rabu da ita to a gabanta za a yi. Ta sa hijabi ta bi ayarin mata. Ciyaman kuwa sai da majiya ƙarfi suka taru suka cicciɓa shi cikin a-kori-kura.

Sabo na ganina ya yar da abin da ke hannunsa.

"Tsinke! Kai ne ka koma haka?"

(Tsinke suke kirana a makaranta. Ban ga abin dariya ba, amma mutane sun gani.)

Ya rungume ni, hannayensa suka kasa haɗuwa a bayana. Na ce, "Daɗi ne, Dokta. Ku da boko ya tsotse ai ga ku nan."

Aka zauna, maza a benci ƙarƙashin dalbejiya, mata a tabarmi can gefe. Sabo ya yi bayani da Hausa tsantsa, wannan kam ba zan hana shi ba. Ya ce a cikin jini akwai wasu sinadarai, homon yake kiransu, su ne 'yan aiken jiki, su ke gaya wa rago cewa shi rago ne. Ya ce kitse in ya yi yawa ba zama kawai yake ba, yana juya wani ɓangare na sinadarin maza ya koma irin na mata, sai sha'awa ta ragu. Kitsen da ke taruwa a maraina kuma yana riƙe zafi, alhali iri sanyi yake so, shi ya sa Allah Ya rataye su a waje. Maza suka yi dariya, mata suka ja hijabi. Ya ce ragon turke na yanka ne, ragon iri daban, kuma wannan yake aunawa a ragunan ƙasarmu, bai ma gama ba.

Da na yi shiru, da an tashi lafiya. Amma kowa ya juyo yana kallon Ciyaman, Ɗanliti abokin gasata a kara har yana taɓa na kusa da shi. Sai na miƙe.

"Dokta, wannan karatun littafi ne. Mu da muke kwana da dabba mun san ƙarfi a jiki yake. Mai jiki shi ne namiji. Ramamme me zai iya?"

"Tsinke, ban ce duka ba. Na ce in ya yi yawa."

"Babu wani yawa. Ga rago, ga ido."

Tun safe tunkiyar Hajara take ta kuka tana kaɗa wutsiya a inda na ɗaure ta. Wani tsohon Bafulatani, Jauro, wanda ya zo da wani ƙanjamammen rago kamar an ɗora fata a kan kujera, ya dube ta ya ce, "Alhaji, wannan ai rago take nema." Na ce madalla, faɗuwa ta zo daidai da zama. Sabo ya ce in bari, ba haka ake gwaji ba, ga mata a wurin. Na ce ai mata ne masu kiwon, ba yau suka fara gani ba. Da hannuna na kwance ta, na ja ta tsakiyar fili, na jawo Ciyaman da kyar.

Ya shinshine ta. Ya ɗaga kai ya yage leɓe, na ce, "Yawwa!" Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ajiye. Ya yi nishi irin na mai hawan dutse. Sannan ya lanƙwashe gwiwa, ya kwanta a inuwarta, ya fara tuƙa.

Na ja igiya. Na zungure shi da ƙafa. Na kira sunansa a hankali, na kira da ƙarfi. Ya dube ni kamar na zo masa da ƙorafin jama'a.

Ragon Jauro kuwa bai jira izinin kowa ba. Ya fizge igiya daga hannun tsohon, ya ratsa tsakanin benci, kafin in ce "kai!" ya gama abin da Ciyaman ya yi wata da watanni bai yi ba, ya koma gefe yana cin ɓawon rake.

Dariyar da aka yi har 'yan kara suka leƙo ta katanga. Ɗanliti ya faɗo daga benci yana cewa, "Ciyaman ya wakilta mataimaki!" Nan ma da na zauna, da iyakar abin rago ne. Amma jini ya hau mini ka. Na daki tumbina da tafin hannu har ya yi ƙara, na ce, "Dabba dabba ce! Ku dube ni nan. Wa zai ce jikin nan ya rage ni da wani abu?"

Sabo bai san gidana ba, rabonmu da juna tun muna samari. So yake ya rufa mini asiri, ya mai da abin wasa. Ya yi murmushi ya ce, "Masha Allah, Tsinke. Yara nawa yanzu?"

Mutanen Dingaya suka sunkuyar da kai, har Ɗanliti. Ina jin tuƙar Ciyaman.

Daga tabarmar mata wata murya ta taso, ba da ƙarfi ba, muryar da na saba ji tana ce mini ruwan wanka ya yi.

"Dokta, don Allah ina da tambaya. Shi wannan awon, raguna kaɗai ake yi wa?"

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Sabo ya dube ta, ya dube ni, ya gane. Ya ce, "Ana yi wa mutane, Hajiya, a asibiti," ya yi maza ya ce a kawo rago na gaba.

Ba a kai tunkiya wurin mahauta ba. A mota ɗaya muka koma, ni da Hajara da dabbobin biyu. Kafin damina ta dawo tunkiyar ta haifi tagwaye, ƙanjamammu kamar ubansu, masu ƙiriniya kamarsa.

Ni kuwa na je asibitin Birnin Kudu, na ce a gida za ni ganin wani sa. Abin da likita ya faɗa tsakanina da shi ne. Iyaka dai ya hana ni bakin tukuba, ya ce in riƙa zuwa gona a ƙafa, kuma tun daga ranar ban sake sayo wa Hajara sassaƙe ba. Haihuwa ba ta zo ba har yanzu, wataƙila ta zo, wataƙila lokacin ya wuce. Hajara ba ta taɓa tayar da zancen ba. Kwanon tuwona kawai ta canza zuwa ƙarami, miyar zogale ba man ja, ta ajiye ta ce, "Allah ne Mai bayarwa, Malam." Ina jin yadda take faɗarsa yanzu.

Ciyaman na sayar da shi da Sallah. An ce kitsensa ya cika bokiti.

Har gobe ina nan a kan cewa na fi Sabo lissafi. Abin da na ƙaru da shi ɗaya ne: kafin ka kira tunkiyar wani juya, fara tayar da ragonka tsaye. In kuma ya ƙi tashi, kai zauna.