Bawale da Man Giyar A-kori-kura

A ƙauyen Kwarin Tsamiya akwai wani gida mai mutum uku: Tukur, da matarsa Hansai, da ƙanensa Bawale. Tukur direba ne, yana da farar a-kori-kura irin mai canja giya da kanta, kuma ita kaɗai ke kwashe tumatirin manoman fadama zuwa kasuwar birni. Hansai na dafa daddawa. Shi kuwa Bawale ya ba shekara arba'in baya, ga ƙarfi, ga ladabi, ba ya ƙarya, ba ya ƙiwuya. Aibinsa ɗaya ne, duk abin da ka faɗa masa shi zai yi, daidai yadda ya fito daga bakinka. Tukur kuma mutum ne mai saurin fushi da saurin magana, kullum sai ya manta da wa yake zaune.

Wata rana motar ta fara gardama. In an zo hawan tudu sai ta yi ta gurnani, giya ta ƙi shiga, can sai ta fizga. Tukur ya buga wa Sallau bakanike waya, Sallau ya ce a duba man giya, amma sai mota ta yi zafi ake zaro sandar awo. Tukur ya miƙa wa Bawale makulli ya ce, "Zan leƙa fadama. Ka sa ta yi zafi kafin in dawo." Bawale ya rataya makullin a wuya. Ya kwaso itacen da Hansai ta tara na dafa daddawa, ya hura wuta, ya cika kasko biyu da garwashi, ya tura su ƙarƙashin mota kamar gadon mai jego, ya zauna yana fifita. Tun daga bakin rafi Tukur ya jiyo ƙaurin roba. Ya zo a guje ya janye kasaken da hannu, har ya ƙone yatsu uku.

"Kashe ni za ka yi? Tankin fetur ne fa a wurin nan!"

"Taɓa ka ji, Yaya. Wallahi ta yi zafi."

Hansai ta fito ta ga wurin itacenta fayau. Ranar ba wanda ya yi wa Bawale magana har aka ci tuwo.

Wata rana, bayan Tukur ya zaro sandar da kansa ya ga man ya yi ƙasa, kuma ya yi baƙi maimakon ja, sai ya aiki Bawale birni. Ya ce, "Ka sayo man giya. Ka gaya musu ba tafiya sai da shi." Bawale ya sauka a tasha, ya tambayi wani mai baro inda ake sayar da giya. Mai baro ya dube shi sama da ƙasa, ya nuna masa wani lungu. Bawale ya shiga da sallamarsa, ya ce wa matar da ke wurin man giya yake so. Ta ce giya ba ta da mai.

"To a kaɗa ta mana kamar nono, ai man zai taso."

Mashaya suka fashe da dariya. Bawale ya ji haushi, ya fito ƙofa ya ɗaga murya, "Ba ni zan yi amfani da shi ba! Yayana Tukur na Kwarin Tsamiya ne ya aiko ni, ya ce ba ya iya tafiya sai da shi!" Aka yi rashin sa'a wasu dillalan tumatir na wucewa. Kafin Bawale ya iso gida labari ya riga shi. Bayan la'asar sai ga Liman ya yi sallama, ya ja Tukur gefe, ya fara yi masa nasiha a hankali a kan mutumin da ke ɗaukar rayukan jama'a a mota. Tukur ya yi ta rantsuwa har muryarsa ta dushe. Liman ya ce ya yarda, amma da zai tafi sai da ya ɗan matso ya shinshina.

"Shekara ashirin ina tuƙi," in ji Tukur, yana huci a tsakar gida, "ko goro ban cika ci ba. Yau ni ake shinshina!"

Wata rana Sallau bakanike ya zo da kansa. Ya shinshina sandar awo ya ce ƙari ba zai yi ba, man ya ƙone, sai an juye shi duka an canja matata. Ya kwanta ƙarƙashin mota ya kwance, man ya tsiyaye cikin wata tsohuwar roba har ta kusa cika. Ya ce sabon man sai gobe, don irin wanda motar ke sha ba ya tare da shi. Da zai hau babur ya ce wa Bawale, "Tsohon man nan guba ne. Ka zuba shi inda ba mai takawa, ko mutum ko dabba." Bawale ya ɗauki roba ya zagaya gida. Bayan ɗaki awaki na bi. Juji kaji na tono. Ya tsaya ya yi tunani mai tsawo, sai ya tuna bai taɓa ganin wanda ya taka cikin rijiya ba. Da Hansai ta jefa guga, ruwan ya fito yana walƙiya kala-kala, yana wari. Rijiyar nan gida shida ke sha. Matan unguwa suka cika ƙofar gida da tulunansu, kowace na faɗin tata.

Hansai ta cire ɗankwali ta ɗaure ƙugu, ta fuskanci Tukur. "Malam, ko ni ko shi! Da me zan dafa? Da me zan yi alwala?"

Kwana uku Tukur da maƙwabta suna yashe rijiya. Bawale ya fi kowa jan guga, yana yi yana cewa shi dai har yanzu ba wanda ya taka.

Wata rana, ta huɗu ke nan mota na tsaye ba mai a cikinta, tumatir ya nuna a fadama har ya fara fashewa a kwanduna. Sallau ya faɗi da babur ya gurɗe ƙafa, bai dawo ba. Manoma suka zo suka tsaya wa Tukur a ka, suka ce in kaya bai kai kasuwa yau ba, sai dai a ba shanu. Ana cikin haka sai ga wani mai tallan man mota, wai shi Gwadabe, da jarkoki a bayan babur. Ya sauke guda mai kyan takarda, ya ce irin na motar ne sak, daga kamfani, ko buɗe shi ba a yi ba. Tukur ya ji sanyi a ransa. Ya ce bari ya ɗauko mazurari a ɗaki, ya juya ya ce wa Bawale, "Ka sa ido a kan man nan."

Bawale ya durƙusa, ya murɗe murfin, ya kafa idonsa na dama a bakin jarka, ya rungume ta. Gwadabe ya ce ya ba shi ya zuba, yana sauri. Bawale ko motsi. Gwadabe ya ja, Bawale ya ƙara ƙanƙamewa. Tukur ya fito ya ga ƙanensa a durƙushe gaban manoma, fuska manne da jarka, ransa ya ɓaci.

"Yau kuma wace masifa ce? Tashi, kafin in manta uwa ɗaya ta haife mu!"

"Ka ce in sa ido, Yaya, na sa. Amma akwai taurari a ciki."

"Taurarin me?"

"Ƙanana-ƙanana, can ƙasa. In rana ta bugi jarkar sai su yi ta ƙyalli."

Wani dattijo cikin manoman ya ce a tsiyaya kaɗan a ga. Aka shimfiɗa farin ƙyalle, aka girgiza jarka, aka zuba. Man ya wuce, ya bar garin ƙarfe a kan ƙyallen, yana sheƙi. Tsohon man wata motar ne aka tace, aka ɗura a sabuwar jarka, aka liƙe murfin. Da ya shiga cikin giyar, da ba ta kai rabin hanya ba, kuma da tumatir da motar duk an yi asara.

Tukur ya juya a hankali ya dubi Gwadabe. Duk fushin kwanakin nan ya tashi gaba ɗaya. "Ni za ka kawo wa wannan? A ƙofar gidana?" Gwadabe ya fara rantsuwa shi ma haka aka sayar masa. Manoma suka riƙe babur ɗin, suka tasa Gwadabe gaba sai gidan mai gari. Ɗaya daga cikinsu ya hau nasa babur ya tafi shagon Sallau, ya dawo da man gaske kafin azahar. Da la'asar a-kori-kura ta haye tudu da kwanduna, ko tari ba ta yi ba.

Amma kafin a kai ga haka, da taro ya watse, Tukur ya waiwaya ya ga Bawale ya koma ya sake manna fuska a jarkar. Ya daɗe yana kallonsa.

"Bawale, ka kyauta. Ɗauke idonka haka nan."

Bawale ya ɗago, jan da'ira zagaye da idonsa, ya ce, "To, Yaya. In na ɗauke, a ina zan ajiye shi?"