Ramukan da Na Huda a Gadar Kanal

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da za a wanke mini ƙwaƙwalwa da sabulun salo, da ranar da na rungumi surukina a tsakiyar gada.

A shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, ina walda a Kura, ina ji da kaina kamar ni na ƙera jirgin ƙasa. Manoman tumatir na wani ƙauye wajen Bunkure suka gaji da doguwar kewaya kafin su tsallake kanal, wato babbar hanyar ruwan noman rani. Suka samo dogayen ƙarafa biyu, irin masu leɓe sama da ƙasa da bango a tsakiya, suka ce a yi musu gadar ƙafa. Wanda ya tsaya mini aka ba ni aikin kuwa surukina ne, Malam, limamin ƙauyen. Shekara tara ina auren 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi, tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa (sau biyu ma ashe ba shi ba ne).

To, mota ba ta kaiwa bakin kanal ɗin, ƙarafan kuma ƙarti ashirin sun gwada sun ajiye suna haki. Sai na tuna wata babbar rumfar ajiya da na gani a Kadawa, ƙarafan rufinta duk ramuka a jere, ga kyau ga ƙarfi. Na ce ashe sirrin ke nan! Na kunna wuta na bi bangon tsakiyar nan ina hudawa. Wani ramin kamar faifai, wani kamar taga, wani ma akuya za ta iya wucewa ta ciki da 'ya'yanta. Ƙarafa suka yi sauƙin ɗauka, aka kai su ana yi mini kirari. Na shimfiɗa katako, na jibga buhunan taki a kai don gwaji. Gada ko gezau.

Ranar buɗewa Malam ya yi addu'a aka shafa. Mai unguwa ya ce, "Malam a gaba, mai aiki a bayansa." Na bi, kaina a sunkuye, takalmi a hannu. Bayanmu samari ɗauke da kwandunan tumatir, ga mai gangar noma ya saki kiɗa. Ka san ƙafar manomi in ta ji ganga: kowa ya ɗauki taku ɗaya.

Muna kaiwa tsakiya na ji gada ta ɗan yi numfashi. Na ce jiri ne. Sai ta sake, ta sake, kowane taku tana ƙara tsalle, har tumatir ya fara dirowa cikin ruwa ɗai-ɗai. Ya kamata in yi magana, amma wa zai ɗaga murya a ƙeyar surukinsa? Na yi gyaran murya. Na ƙara. Gada ta cilla ni sama, ni kuma ban iya iyo ba. Wallahi ban san sanda na watsar da takalma na ƙanƙame Malam ta ƙugu ba, fuskata a cikin babbar rigarsa, ina ihu, "Baba, riƙe ni!"

Kiɗa ya tsaya, samari suka tsaya, gada ita ma ta natsu kamar ba ita ba. Malam bai ko waiwayo ba. Cewa kawai ya yi, "In ka gama, mu ƙarasa."

Wani daga bakin kanal ya ƙwalla, "Mai walda, yau ai ba a saki ruwa sosai ba, iya gwiwa ne!"

Kwana uku ban fita ba. Amma ka ji wani abu, ba kunyar ce kaɗai ta hana ni sukuni ba. Tambaya ce: me ya sa ta ɗauki taki lafiya lau, ta kasa ɗaukar taku? Na koma ni kaɗai ina gwadawa. In na taka a hankali, shiru. In na ruga, 'yar karkarwa. Amma in na kama takun gangar nan daidai, sai ta amsa. Ina cikin wannan tsalle-tsalle wani injiniyan aikin ruwa ya tsaya da babur yana kallona.

"Maigida, lafiya?"

Na ba shi labari (ban da maganar ƙugu, ashe ya riga ya ji). Ya leƙa ƙarƙashi ya yi salati.

"Kowane ƙarfe yana da takun da yake rawa da shi," in ji shi. "Mai tauri rawarsa da sauri take, ƙafar mutum ba ta kamo ta. Kai da ka huda bangon nan ka rage masa tauri fiye da yadda ka rage masa nauyi, sai rawarsa ta sauko daidai takun mutane. Taki ai kwanciya yake yi, ba ya taku."

Na ce, "To na Kadawa fa?"

"Waɗancan an auna girman kowane rami da tazararsa. Ba a barin mai kusurwa kamar wannan tagar taka, ba a kuma huda babba dab da inda ƙarfe ya zauna. Kai da me ka auna?"

Na ce, "Da murfin tukunya."

Ya nuna mini waɗanda zan toshe da farantin ƙarfe, da waɗanda zan yi wa zoben ƙarfe a baki. Na toshe, na sa aka dawo da mai ganga, gada ta ƙi rawa. Tun daga ranar na koyi cewa in ka ga rami a aikin wani, ka tambayi dalilinsa kafin ka kunna wuta, kuma in za ka gwada gada, ka gwada ta kafin surukinka ya hau.

Malam bai taɓa tayar da maganar ba. Saƙo ɗaya kawai ya ba matata da ta je gida: "Ki ce wa mai gidanki gada ta yi kyau. Gaisuwa kuma, irin ta da, daga nesa, ta wadatar."