Lambun Tankari da Akwatin Sauti

A wani daji da ruwan sama bai cika leƙawa ba, amma wayar hannu ta kai kowane rami, akwai ƙungiyar da ake kira Majalisar Masu Kunne. Aikinta guda ne: ta zauna ƙarƙashin tsamiya ranar kasuwa ta gaya wa dabbobi abin da ya kamata su ji. Shugabanta Kumurci ne, wanda Allah bai yi masa kunne ko ɗaya ba, shi ya sa ba a taɓa zarginsa da son zuciya a harkar sauti ba. Sarkin Kunne kuwa wani zomo ne magidanci mai suna Tankari. Ya gaji sarautar ne saboda tsawon kunnuwansa.

Waƙar da ke cikin waya lambobi ce zalla, sai an juya ta kafin lasifika ta furta ta. Akwai ɗan abin da ke wannan aiki, girmansa bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, a bakin mudun gero ake samunsa. Ana nan sai wani dila mai suna Jatau ya iso da nasa akwatin, mai ƙafafun tagulla da shuɗiyar fitila, sai dabba biyu suke ɗaga shi. Aikin dai shi ne, amma Jatau ya ce nasa cikin ladabi yake juya lambobin. Manyan majalisa duk suka saya. Tankari da ba shi da abin saye sai ya ba da lambunsa na fadama, wanda da shi gidan ke ci.

Matarsa Kuluwa ba ta yi kuka ba. Ta je ta sami Jatau a gaban shaidu ta sa sharaɗi: a gwada mijinta ranar kasuwa a bayan zana, idan ya faɗa da bakinsa cewa babu bambanci tsakanin babban akwatin da ɗan ƙaramin, a mayar da lambu. Jatau ya amince har da dariya, don ya daɗe yana ciniki da manya.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, tun bara Tankari bai ƙara jin kukan gyare ba. Da farko ya ɗauka ƙaura suka yi. Sai ran nan ya ga wani a gindin ƙafarsa yana ta kaɗa fukafuki iya ƙarfinsa, shiru. Ya ɗauke kai ya wuce.

Ranar kasuwa aka kafa zana. Wani jemage mai suna Mati ya shiga baya da akwatunan biyu, yana sauya su yadda ya ga dama. Aka sa waƙar goge. Tankari ya lumshe ido, ya miƙe kunnuwa, ya roƙi Allah a zuci.

"Wannan babban ne," in ji shi. "Ku ji faɗi! Ina jin mai gogen a hagu, har ina jin ya ci albasa da safe."

Majalisa ta gyaɗa kai. Kumurci ma ya gyaɗa, ganin ana gyaɗawa.

"Ƙaramin ne, ranka ya daɗe," in ji Mati daga bayan zana.

Sau goma aka yi, ya dace a biyar.

"Malam, da kwabo na jefa sama ai da na samu biyar ɗin," in ji Kuluwa. "Kuma da lambuna yana nan."

Jatau ya ce ƙurar kasuwa ce ta shiga igiyar da ke haɗa akwatin da lasifika. Wani ya ce akwatin bai gama ɗumi ba, sai ya shekara. Aka kira Mati ya ba da shaida.

"Allah ya ja zamanin Shugaba, bambanci akwai shi," in ji jemagen. Jatau ya washe baki. "Babban yana fitar da wani siririn sauti can sama. Mu jemagu muna jin sa, ba kuma wanda ke ji a dajin nan sai mu. Mu kuwa ko rataya muke yi a bishiyar wani. Wanda ke ji ba shi da abin saye, wanda ya saya ba ya ji. Iyakar abin da na sani ke nan."

Kowane babba ya tuna da shuɗiyar fitilar da ke ɗakinsa, da abin da ya rabu da shi kafin ta shigo. Kumurci ya fasa kai ya yi jawabi.

"'Yan'uwa masu kunne, mun ga abin da ya faru, wasunku ma sun ji. Ni a ganina laifin zana ne. Sauti abu ne mai kunya, in aka ɓoye masa fuskar mai shi ba ya sakin jiki. Wa ya taɓa cin tuwo ido rufe ya ce ya yi adalci ga mai girki? Daga yau an hana gwaji a bayan zana. Jemage kuma a cire shi daga masu shaida, jinsa ya yi yawa, yana rikita masana. Saura magana ɗaya. Sarkin Kunne, sharaɗi a bakinka yake. In ka ce babu bambanci, lambu naka ne, sai dai ka ajiye mana rawani, don ba ma zama da kurma. Me ka ji?"

Tankari ya dubi Kuluwa. Ya tuna karas ɗin da ya kusa isa cira, da rijiyar da ya haƙa da hannunsa. Kalma biyu ce kawai, ya san su, suna nan a kan harshensa. Sai ya hango kansa gobe a kasuwa ba rawani, kunnuwa biyu zalau-zalau kamar na kowane zomo, ana yi masa magana da ƙarfi ana nuni da hannu.

Ya gyara murya.

"Akwai bambanci," in ji shi. "Ba irin wanda ake ji da kunne ba ne."

Aka yi ta tafi. Kumurci ya ce a tsawon shugabancinsa bai taɓa jin magana mai zurfi irin wannan ba, kuma gaskiya ya faɗa. Jatau ya rungume Tankari, ya raɗa masa cewa akwai sabuwar igiya ta azurfa tana hanya, in yana da wata gonar.

A hanyar gida Kuluwa na gaba, shi yana baya. Sai da suka kusa ƙofa ta waiwayo.

"Malam, da na sani da tun bara na gaya maka gyare ba su tafi ko'ina ba."

Ya yi kamar bai ji ba, abin da bai yi masa wuya ba.

Da rani ya tsananta, manyan majalisa suka zo sauraron waƙa a gidan Sarkin Kunne. Ana cikin goge sai wani ƙugi mai kauri ya riƙa tasowa daga ɗakin da iyalinsa ke kwance ba su karya ba. Manya suka lumshe ido, suka yarda baki ɗaya cewa ƙaramin akwati ba zai taɓa fitar da irin wannan ba.