Yadda Za Ka Saita Wa Autarka Agogon Ƙirga Taku Ba Tare Da Asirinka Ya Tonu Ba

Maigida, kwantar da hankalinka. Ka saya wa Auta agogon nan mai ƙirga taku, ga ta tsaye a kanka ta miƙo hannu, manhajar wayar kuma ta kafe wai sai mai shekara goma sha uku, ita kuwa takwas gare ta. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin shayinka ya huce an gama. Na gwada su a kan wani abokina, kuma har yau yana raye.

1. Jefar da takardar bayani

Takardar da ke cikin kwalin ta masu shakkar kansu ce. Idan Maman Auta ta ce, "Baban Auta, ko in kira ƙanena ya duba mana?" ka yi dariyar manya, ka ce, "Yaron da aka yaye a gabana?"

2. Ƙara mata shekaru

Manhaja ba ta halarci sunan Auta ba, ba ta da hujja. Je wurin shekarar haihuwa ka ja da babban yatsa. Ja a hankali dai, don yatsan abokina ya zarce, Auta ta tashi da shekara tamanin da tara. Kada ka gyara, gyara amsa laifi ne. Ɗaura mata, ka ce ta je ta yi wasa.

3. Jure abin da zai biyo baya

Agogon zai fara lallaɓa ta. Zai ce ta huta, ta sha ruwa, ta kula da gwiwa. Da ta fara tsallen igiya a tsakar gida, zai yanke hukuncin cewa tsohuwa ta faɗi sau arba'in a jere, ya aika saƙon gaggawa zuwa lambar da ka saka. Abokina, don neman suna, lambar surukarsa ya saka. Baiwar Allah ta iso da mayafi a karkace, tana haki tana tambaya, "Wace tsohuwa kuke ɓoyewa a gidan nan?" Gaishe ta da ladabi, ka ce matsalar sabis ɗin waya ce.

4. Miƙa wuya, amma da fuskar mai nasara

A nan Maman Auta za ta ciro takardar daga kwandon shara, ta karanta, ta ce ai akwai asusun iyali: uba ya buɗe, ya saka yaro a ƙarƙashinsa da shekarunsa na gaskiya. Ka ce da ma can za ka. Sai dai ka sani, asusun zai haɗa da naka agogon, wanda likita ya sa ka saya bayan ya auna jininka ya ga ya hau. Shi ne kake ɗaurawa kullum da safe ka ce ka fita tattaki, ka je ka zauna cikin mota a bayan layi kana jin rediyo.

Yanzu kowa zai ga na kowa a allo ɗaya. Auta, dubu goma sha huɗu. Baba, ɗari uku da sha biyu.

"Tattakin awa guda ke nan?" in ji Maman Auta, murya ƙasa-ƙasa. Wannan muryar ta fi ihu haɗari.

5. Nemi taku ko ta halin ƙaƙa

Kaɗa hannu a ofis zai sa masinja ya tambaye ka ko kunama ce. Ɗaura wa kyanwa ɓata lokaci ne, ta fi ka son jiki. Abokina fankar tebur ya ɗaura wa, ya tafi cin abinci, ya dawo ya tarar da taku dubu saba'in. Da ya koma gida, matarsa ta dubi allo, ta dubi tumbinsa, ta ce, "Sannu da hanya. Ƙafar ba ta kumbura ba?"

6. Kada ka haɗa ido da Auta

Wannan ne matakin da ya kayar da abokina. Washegari ya fito da makullin mota a aljihu, ya tarar da ita a bakin ƙofa, ta sa takalmin makaranta, ta jera masa nasa.

"Baba, na ji abin da Mama ta gaya wa Kaka, abin da likita ya ce zai faru in ba ka tafiya. In ka gaji, ka riƙe hannuna, nawa takun ya yi yawa."

Wallahi kunya ta kama ni, wato ta kama abokina, har makullin ya yi masa nauyi. Ya ajiye shi a kan tebur. Sun yi dubu huɗu a ranar, yana haki tana ƙirga masa da baki, wai ba ta yarda da agogonsa ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a ciwon cinya, fushin suruka, ko fankar da ta daina juyawa. Mai ƙorafi ya same ni a bakin layi da ƙarfe shida na safe, amma ya zo da takalmi mai daɗin tafiya, don Auta ba ta yarda a tsaya.