Kallamu Zugazugi da Ƙwaryar Sarkin Busa

Wani mutum ne a garin Kwarin Maje, sunansa Kallamu, amma ya raɗa wa kansa Zugazugi. Wai ƙirjinsa irin zugazugin maƙera ne, iska ba ta yanke masa. Ya tafi gabas cin rani, ya daɗe, ya dawo da doguwar hula da labari buhu-buhu. Wai algaita ya koyo a Barno, a hannun wani gwani da ake kira Bukar Mai Kumatu.

Ƙarya ce. Iskar da Kallamu ya sani a Barno ita ce ta famfon keke. Faci ya yi a bakin tasha.

Kullum da safe yana teburin Sallau mai shayi. Sai ya kumbura kumatu kamar kwaɗon damina, ya ɗan buga su da yatsa, tuf-tuf.

"Kun ga wannan? Ba ƙiba ba ce. Aiki ne."

"To ka busa mana mu ji," in ji Sallau.

"A teburin shayi? Maigidana ya rantsar da ni, ba na busa sai a gaban rawani. Akwai ranar da na ɗora baki da azahar, ban sauke ba sai da ladan ya kira la'asar. Shi ma don girman salla na tsaya. Wata akuya a gefena ta yi barci, ta farka, ta haihu, ni ina kan numfashi ɗaya."

"Ko dai busar ce ta tayar mata da naƙuda," in ji Sallau, yana sheƙa shayi.

To, a garin akwai Sarkin Busa, tsoho Nomau. Gidansa ne makarantar algaita. Yaro kan fara da shara da ɗebo ruwa, ya koma ɗaukar ganga, yana bin manya biki yana haddace taken kowane mai sarauta. Sai ya yi shekaru kafin a bar shi ya taɓa algaita da yatsa. Babban almajirin gidan shi ne Ilu, wanda aka kawo tun yana famfara, ga shi har ya fara gemu.

Nomau ya tsufa. Haƙora sun zube, tari ya kama shi. Ga naɗin sabon Hakimi ya matso. Sai ya ce zai miƙa algaitarsa ga wanda zai busa a gaba ranar naɗin, kuma wanda ya karɓe ta shi ne magajinsa. Kowa ya san Ilu ne. Kowa ban da bakin Kallamu.

"Wannan yaron? Da ranar da aka haife shi da ranar da na fara busa ba nisa."

Magana ta yi ƙafa ta shiga zauren Nomau. Tsoho ya aiko a ce wa mutumin Barno ya zo ran Laraba da hantsi, a gwada shi tare da Ilu.

Mai hankali zai ce ciwon ciki ya kama shi. Kallamu kuwa ya zauna ya yi lissafinsa. Ya hango manyan riguna. Ya hango cinyoyin kaji a gidajen biki. Ya hango Sallau yana durƙusa masa yana cewa ranka ya daɗe. Kuma akwai abin da ya daɗe yana zargi. Yaya ɗan Adam zai yi ta busa ba ya tsayawa shan iska? Ai wannan ba iyawa ba ce, asiri ne. Ya ma taɓa jin wata mai sayar da ƙosai tana cewa duk safiya, idan ta leƙa ta katangar gidan, sai ta ga yara sun sunkuya a kan wata ƙwarya, kowa da kara a baki.

"Ashe nan maganin yake," ya ce a ransa. "Tsimi ake ba su. In na kai bakina ga ƙwaryar nan, an gama."

Ran Laraba ya ci ado. Ya sa doguwar hula, ya karya ta gefe. Kafin ya isa, zaure ya cika har waje, don Sallau ya rufe tebur ya bi gari yana gayyata. Rana ta fara zafi, maƙoshin Kallamu ya bushe ƙamas.

Nomau yana zaune a kan buzu, algaita a cinyarsa, yana tsotsar dakakken goro. Ba mai yawan magana ba ne.

"Kai ne na Barno?"

"Ni ne, Baba Sarki. Zugazugi, mai iskar da ba ta ƙarewa."

"Wa ya koya maka?"

"Bukar Mai Kumatu. Idan ya kumbura, ta bayansa ma ana ganin kumatunsa."

"Ban san shi ba."

"Ba ya son suna, Baba Sarki."

"To. Ka yi ƙwarya?"

Murna ta kama Kallamu. Ga abin da ya zo nema an ambata tun ba a je ko'ina ba.

"Ƙwarya? Ai ni a kanta na girma. Safe da yamma. Wani lokacin har in ce a ƙaro."

Nomau ya dube shi na ɗan lokaci. Ya juya.

"Ilu, kawo ƙwarya."

Ilu ya shiga cikin gida, ya fito da wata tsohuwar ƙwarya baƙa ƙirin, cike da ruwa, da siririn kara mai huda a ciki. Ya ajiye a tsakiyar zaure. Ruwan ya ɗan gurɓace, da kumfa-kumfa a gefe, da ja-ja a ƙasa. Kallamu ya gyaɗa kai. Haka magani mai ƙarfi yake.

"Wa zai fara?" in ji Nomau.

Ilu ya matso zai durƙusa. Kallamu ya tare shi da hannu.

"Kai ƙane, ina ladabi? Babba ke farawa."

Dabararsa ita ce kada ya rage wa Ilu ko ɗigo. Ya naɗe hannun riga. Ya yi bisimilla. Ya kama kara, ya zuƙa. Zuuut. Ruwan ɗumi-ɗumi ne, da ɗan yauƙi, da baurin goro. Ya runtse ido ya ci gaba. Da ya ga karan yana ɓata masa lokaci, sai ya jefar da shi, ya ɗaga ƙwaryar da hannu biyu. Kwat. Kwat. Kwat. Har abin da ya kwanta a ƙasa ya kaɗa ya haɗiye. Ya kife ƙwarya, ya yi gyatsa, ya goge baki.

"Ba laifi," ya ce. "Amma na Barno ya fi kauri."

Almajiran da ke bakin ƙofa suka dubi juna. Ɗaya ya toshe baki ya fita da sauri.

"Ka shanye?" in ji Nomau.

"Tas, Baba Sarki. Har na fara jin yana ratsa ni. Miƙo algaitar."

Tsoho ya ɗauko ta daga cinyarsa. Ya miƙa masa.

Kallamu ya miƙe tsaye. Ya buɗe ƙafafu. Ya ja iska har hula ta motsa. Ya kumbura kumatu, ya hura.

Fiiit.

Kamar an taka wutsiyar ɗan akuya. Ya ƙara hurawa. Fiiit, ɓuuu. Idanu suka firfito, jijiyar wuya ta tashi. Yana jiran magani ya kawo iska, iska ta ƙi zuwa. Zaure ya fara juya masa. Ya saki algaita ya zube a kan tabarma yana haki kamar wanda kura ta koro.

"Akuya ba ta ko kwanta ba, Zugazugi," in ji Sallau daga baya.

"Bai gama bin jiki ba ne," in ji Kallamu, yana numfashi sama-sama. "Jikina ya saba da mai ƙarfi. Baba Sarki, a ƙaro ƙwarya ɗaya."

"Ilu, ɗebo ruwa a randa."

"A randa?" in ji Kallamu.

Ilu ya cika ƙwaryar da ruwan randa a gaban kowa. Ya tsinci karan, ya goge, ya durƙusa ya sa a baki. Bai zuƙa ba. Hurawa ya yi. Bul-bul-bul-bul. Kumatunsa suka cika, suna matsa iska cikin ruwa, hancinsa kuma yana jan wata sabuwa. Kumfa ba ta yanke ba. Kowa ya zuba ido. Nomau ya gama goronsa, ya yi tari, ya ɗauki wani. Ƙwarya tana nan tana bul-bul-bul.

"Ya isa," in ji tsoho. Ya ɗauki algaita, ya goge bakinta da gefen riga sosai, ya ɗora a hannun Ilu. Sannan ya dubi Kallamu.

"Wannan ita ce ƙwarya. Darasin farko ke nan. Kowane yaro da ita yake koyon hura iska da baki yana shaƙa da hanci. Ba a sha."

Kallamu ya dubi ƙwaryar. Ya dafe ciki.

"To wanda na sha fa?"

"Na safe ne. Tun da aka fito masallaci yaran gidan nan kaf suke hura shi, ɗaya bayan ɗaya. Biyu suna mura."

"Amma ja-jan nan na ƙasa..."

"Nawa ne. Ni nake nuna musu."

Dariya ta fashe a zaure, Sallau har da birgima a ƙasa. Nomau ko murmushi bai yi ba. Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ku bar shi. Ya yi mana amfani. Kullum sai yaran nan sun yi faɗa a kan wanda zai zubar da ruwan." Ya juya ga Kallamu. "Ɗana, ka riƙa zuwa da hantsi."